Kunnuwan Casimir

"Tsaya nan, Farfesa, amai zan yi."

Na tsaya a gefen titi. Lorraine maƙwabciyata ta buɗe ƙofar mota ta yi a kan ƙanƙara, ta goge baki, ta gyara hular da ke rufe kan da maganin ciwon daji ya aske mata.

"Mu koma gida," na ce.

"Ka koma kai kaɗai. Littattafanka na can suna kukan rashinka."

Tun rasuwar matata babu mai yi mini magana haka. Na ja mota muka nufi wurin aikinta.

A wani kamfanin taya take aiki a nan birnin Toledo na Amurka, tana amsa waya. Suna da asusun lafiya da ake cira daga albashi kaɗan-kaɗan, amma da shekara ta kama mutum na iya kashe na shekarar gaba ɗaya. Sharaɗin dai ya kasance cikakken ma'aikaci, in awanninsa suka ragu a cire shi. So take ta kai Janairu ta saya wa mijinta Casimir na'urar ji. Injinan masana'antar gilashi ne suka cinye masa kunnuwa tuntuni.

"Shekara da shekaru ina zaginsa bai ji ko ɗaya ba," in ji ta. "Ba zan tafi da sauran a cikina ba."

Mai kamfanin ya sayo mata kujera mai laushi, har da furanni. Da na yaba masa sai ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Kai da karatunka! Duk shekara hukumar haraji na dubawa kada manya su cinye asusun su kaɗai. In babu ƙanana irina a ciki, shi ma haraji ya hau kansa. Ni ce talakar da yake nunawa."

Na koyar da tarihin dauloli har na gaji, ban ga wadda ta iya jinƙai da lissafi irin tamu ba.

A Disamba sai na riƙe ta take hawa matakalar ofis. Casimir yakan tsaya a taga ya ɗaga mana hannu. Ya san ba ta da lafiya, bai san don me ta nace wa fita aiki ba, ita kuma ta hana ni rubuta masa.

Ta kai Janairu. Muka kai Casimir wurin likitan kunne, aka auna shi, ta miƙa katin asusun da kanta. Aka ce sai an haɗo na'urar daidai kunnensa, a ɗan jira.

"Ku hanzarta, 'yan nan," ta ce. "Ina da magana da shi."

Mun dawo daga binne ta ke nan, ban ko cire baƙar kwat ba, aka kira daga wurin likitan wai na'urar ta iso.

Ni na kai Casimir aka saka masa. Muka dawo. Da muka shiga gidan ya zauna a kicin, a kujerarsa, ya karkata kai. Firji na gurnani, famfo na ɗiga a cikin kofin da ba a wanke ba.

"Dama haka gidan yake yi?" ya tambaya a hankali.

"Haka yake yi."

Na tashi zan ɗaure famfon, ya kama hannun rigata.

"Bar shi."