Mai Surutun Cikin Kaset

Kalla bai saki kaset ɗin ba ko da yarinyar ta miƙo hannu karo na biyu. Ya riƙe gefe guda, ta riƙe gefe guda, a cikin rumfar kwanon da ke bakin kasuwar Madawa, inda ake tura wa mutane waƙoƙi a salula.

Daga Allakaye ya taso saboda kaset ɗin nan. A ciki akwai kiɗan gurmin ƙanensa Ibrahim, wanda ya rasu tun da ƙuruciya, bai bar ɗa ba, bai bar hoto ba. Satin da ya wuce tsohuwar rediyon Kalla ta tauna zaren. Ya warware shi da tsinke, amma wuri guda ya yi siriri kamar fatar albasa. In ya tsinke, Ibrahim ya sake mutuwa ke nan.

Amira, yarinyar mai rumfar, ta yi masa bayani cewa sau ɗaya za ta kunna shi, sautin ya shiga ordinatar, wato kwamfuta, sannan ta wanke ƙarar da wata manhaja, ta zuba masa a katin salula. Ya tambayi wa ya sayar mata da manhajar. Ta ce ba a saye, wasu mutane ne suka haɗa ta suka bar wa duniya kyauta.

Nan fa ya janye kaset ɗinsa ya soke a aljihu.

“Kyauta? Ɗiyata, ni na ci hatsin kyauta shekarar yunwa. Sai da anka jera mu anka ɗauki hoto. Har yau ban san bangon da anka liƙa haƙarƙarina ba.”

Ya zauna a kan benci ya shiga lissafa mata abin da ya hango. Na'urar za ta haɗiye kiɗan ta aika wa masu ita. Gobe ya ji Ibrahim yana fita daga babur ɗin wani ɗan kabu-kabu, an ɗora masa gangar inji irin ta waƙoƙin yanzu, waɗanda in ka saurara sai ka rantse akuya aka kifa wa bokiti. Jibi kuma ma'aikatan magajin gari su ji labari su yanka wa gurmi lanho, wato haraji, tun da sun yanka wa jaki da rumfa, inuwa kaɗai ta rage. Shi kuwa ba a cutarsa. Mutumin da ya taka zuwa Kamaru da ƙafa ya dawo, ya kashe kura da sanda a hanyar Tama, bai taɓa buɗe littafi ba don littafi na masu kai mai yoyo ne, ba kwalin ƙarfe ne zai yi masa wayo ba.

Amira ta bar shi ya gama. Ta zare wayar intanet ta nuna masa, ta ce in an ƙare za ta goge komai a gaban idonsa. Ya ce bai yarda ba sai da jingina. Ta yi murmushi ta miƙa masa salularta. Ya sa a ƙarƙashin hularsa, sannan ya ba da kaset.

Zaren ya fara juyawa. Aka ji shuuu kamar ruwan sama a kan kwano, gurmin yana can ƙasa-ƙasa. Kalla ya kafa wa ƙafafun kaset ɗin ido. Da aka zo wurin da ya yi siriri, sautin ya yi rawa, ya nutse, ya taso. Sai a lokacin tsohon ya saki numfashi, ya ce dama ya san aikin hannunsa ba ya tsinkewa.

Tana wanke sautin yana ci gaba da yanke wa duniya hukunci. Da ya ga samarin da ke buga lido a salula a bakin rumfa, ya ce dara ita ce wasa, don a dara kana ganin hannun wanda zai cuce ka. Mai shinkafa da wake ta wuce, ya ce dunƙulen miya ya kashe harshen mutane, yaran yanzu ba su san daddawa ba.

Amira ta danna. Shuuun ya ɗauke, gurmin ya fito fes, kamar Ibrahim na zaune a kan bencin. Kalla ya matso kusa da na'urar.

Can tsakiyar kiɗan wata murya ta hau kai, ta wani namiji mai ƙarfin maƙogwaro, yana kushe furar gidan, yana ba da labarin tafiya. A rediyonsa wannan wurin gunaguni ne kawai a cikin ƙara, bai taɓa rarrabe kalma ɗaya ba.

“Baba, wanga mai surutu ya ɓata kiɗin. In yanke wurin?”

“Yanke shi. Ko'ina akwai irinsu, marasa ta-ido.”

Ta mayar baya don ta ga inda za ta yanka, ta ƙara murya. Mutumin ya iso kan wata kura da ya kashe da sanda a hanyar Tama. Sai dariyar mace ta katse shi, sannan muryarta, kusa da rediyon:

“Kai dai maigida, bar yaro shi yi kiɗinshi. Kurar nan taka kullum ƙara girma takai.”

Cima ce, matarsa, wadda ya binne bara waccan. Shekara da shekaru tana cikin kaset ɗin nan a ƙarƙashin ƙara, bai sani ba.

Amira ta dube shi, ta mai da ido kan allon. Ta ce a hankali, in an yanke namijin, macen ma za ta tafi, don muryoyin sun hau juna.

Kalla ya gyara zaman hularsa.

“Bar shi. Da alama mutumen ya san abin da yake faɗi.”

Ta zuba a kati, ta sa masa a salula, ya saurari wurin dariyar har Amira ta fara jin kunyar tsayawa kusa. Daga nan ya ciro salularta daga hula ya miƙa mata. Ta juyo da allon gabansa, ta ɗora yatsa don ta goge kamar yadda ta yi alkawari.

Ya dubi katin da ta sa masa, ɗan abin da bai kai farce ba, wanda kaza za ta iya haɗiyewa. Ya dubi kaset ɗin da zarensa ba zai sake jure rediyo ba. Ya riƙe mata hannun riga.

“Aje shi a nan ma,” in ji shi. “Amma ina da kunne a kowace tasha. In na ji ta tana dariya a babur ɗin wani, ni da ke ne.”