Tagar da Ba a Yanka Ba

Ido ne ya kawo Malam Ma'azu Alƙahira. Shekara talatin yana gyaran firiji a Fagge, yana leƙen bayan injina da tocila a baki, har idonsa na hagu ya yi yana. 'Yan'uwa suka ce tunda ɗanka Khalilu yana karatun addini a Masar, ka je can a yi maka aikin, ka kuma ga yaro. Aka yi aiki lafiya. Ranar da aka cire masa bandeji, abu biyu ya fara gani tangaram a ɗakin Khalilu da ke unguwar Hayyin Ashir: littattafai ɗaure da igiya a ƙarƙashin gado, da kuma hannun ɗansa.

Hannun ya fi littattafan tona asiri. Baƙin maiko a gindin farce, tabon ƙunar waya a babban yatsa. Hannun Ma'azu ne sak, hannun da ya yi ta addu'a kada ɗansa ya gada.

Khalilu bai yi musu ba. Ya ce shekara biyu rabonsa da aji. Yana aiki a warsha, wato garejin wani Bahaushen Sudan, Usta Isam, inda ake gina ɗakin kwana a bayan akori-kura don masu yawon buɗe ido a hamada.

"To makarantar fa?"

"Sunana yana nan, Baba. Amma wanda bai sabunta ba zuwa ranar Alhamis, za a cire shi."

"Alhamis ɗin nan mai zuwa? To sai ka je."

Khalilu ya sunkuyar da kai. Ya ce ranar Alhamis ɗin ne wata mota za ta tashi zuwa Wahat, can cikin hamada. Shi aka ba aikin sa mata firiji, shi kaɗai, karon farko. In aikin ya ci gwajin Usta, da shi za a tafi, kuma a can za a bar shi ya riƙe ƙaramar warshar da Usta ya buɗe.

Ma'azu bai ɗaga murya ba, don bai iya ba. Ya tuna Umma, uwar Khalilu, wadda ko mai kayan miya ya zo ƙofar gida sai ta gaya masa ɗanta yana Masar, malami zai dawo. Ya tuna ranar da Khalilu yana ƙarami ya ɗauki sukudireba a shago, ya fizge ta daga hannunsa ya kora shi makaranta. Tun daga ranar bai ƙara bari ya taɓa ko noti ba. Ashe abin yana nan yana jira.

Ranar Talata da safe Khalilu ya ce, "Baba, ka zo ka ga aikin. Ko ba ka so, ka gani."

Warshar tana bayan wasu dogayen benaye, fili ne da rumfar kwano. Usta Isam ƙato ne mai furfura a gemu da dariya mai cika wuri. Ya riƙe hannun Ma'azu da hannu biyu.

"Ya Hajj, marhaba! Kai ne mai firijin Kano? Wannan ɗan naka kullum, 'Babana in ya ɗora tafi a kan inji ya san ciwonsa.' Har na gaji da jin labarinka wallahi. Yalla, shiga ka gani, ni zan sa a kawo shayi."

Ma'azu ya dubi ɗansa. Khalilu ya kau da kai, ya yi kamar yana neman wani abu a aljihu.

Suka hau cikin motar. Ɗaki ne ɗan ƙarami, da gado, da murhun gas, da wurin wanke hannu, komai a lafe. Firijin yana gefen ƙofa, tsawonsa bai wuce gwiwa da cinya ba, da batir yake aiki, farantin sola a rufin mota yana ciyar da batirin. Khalilu ya gina masa kabad na falanki, ya goge, ya shafa mai, ko katin waya ba zai shiga tsakanin firiji da katako ba. Ya ɗaure shi da ƙarfe ta ƙasa don kada ramukan hanya su jijjiga shi. Wayar da ya ja daga batir mai kauri ce, gajera, da fis a inda ya kamata. Ma'azu ya bi wayar da yatsa har ƙarshenta. Babu wanda ya koya wa yaron nan wannan a gida.

Sai hannunsa ya yi abin da ya saba ba tare da ya sa shi ba. Ya shafa ƙasan kabad ɗin, ya ji raga, iska tana shiga. Ya shafa sama. Katako ne liƙe, sumul, babu ko huda. Ya zura yatsu ta ragar ƙasa zuwa baya, ya ji tsakanin kwandensa, ƙarfen da ke fitar da zafi a bayan firijin, da bango bai kai yatsa biyu ba.

"Ina zafin yake fita?" Tambayar ta zo har bakinsa, ya riƙe ta da haƙori.

Khalilu kuwa yana ta bayani, murya tana rawa don murna. "Ka ga wannan mai injin kwamfuresa ne, Baba, ba irin mai gas ba ne da sai an huda jikin mota an yi masa bututu. Ba ya bukatar taga waje. Kuma matar da ke da motar, Madam Mahasin ta unguwar Zamalek, ta ce ba ta son ko ƙura ɗaya ta shiga. Shi ya sa na rufe ko'ina, na bar masa wannan ta ƙasa. Taɓa ruwan ka ji."

Ruwan ya yi sanyi ƙarara. Dole ya yi: safiya ce, motar tana inuwa, ƙofa a buɗe. Ma'azu ya ga inda yaron ya zame. An gaya masa firijin ba ya bukatar taga waje, shi kuma ya ji kamar ba ya bukatar mafita sam. Firiji kuwa zafi yake kwashewa daga ciki ya zubar a bayansa, zafin ya yi sama. In bai sami hanya a sama ba, sai ya taru a kan injin, injin ya yi ta haki har ya yanke. Gyaran kuwa, a yanka tagar tafin hannu biyu a saman kabad, ta buɗe cikin ɗakin, a ja firijin gaba kaɗan, a sa ƙaramar fanka tana tura iska sama. Aikin rabin awa.

Rabin awa, sai mota ta tafi da Khalilu ranar Alhamis.

"Baba, ya ka gani?"

Ma'azu ya shafa katakon. "Ya zauna," ya ce. "Aikin katakon ya yi kyau."

"Firijin fa? Babu abin da zan gyara?"

Ya dubi ɗansa da idon da aka gyara masa kwana shida da suka wuce. "Ai ka ji ruwan da kanka."

Khalilu ya yi dariya irin wadda Ma'azu ya manta yana da ita. Ya leƙa waje ya ƙwala, "Usta! Babana ya ce tamam!"

Shayin da aka kawo, Ma'azu bai ji ɗanɗanonsa ba. Duk yinin ranar yana gaya wa kansa bai yi ƙarya ba. Katako ya yi kyau, ruwa ya yi sanyi. Wace kalma ce ƙarya a ciki? Kuma ba cutar da yaron zai yi ba. Kunyar yini ɗaya ce, ta wuce, ya koma ga littafinsa, wata rana ya gode. Da Umma ta kira da yamma tana tambayar ido da karatun Khalilu, ya ce mata ido lafiya, karatu kuma ana nan ana yi.

Ranar Laraba Usta Isam ya yi gwajinsa. Shi ba ya gwada firiji a inuwa. Kafin azahar ya sa aka fitar da motar tsakiyar fili, ya sa kwalbar ruwa da curin man shanu a faranti a cikin firijin, ya rufe ƙofa da tagogi, ya jefa makulli a aljihu.

"Hamada ba ta da rumfa, ya zol, ɗan'uwa," ya ce wa Khalilu. "Sai la'asar."

Ma'azu ya zauna a benci yana kallon motar tana gasuwa. Sau biyu ya miƙe, sau biyu ya koma ya zauna. Da suka je masallaci ya ɗaga hannu zai yi addu'a, ya rasa abin da zai roƙa, ya shafa hannun haka nan.

Da la'asar Usta ya buɗe ƙofa, zafi ya bugo su kamar bakin tanda. Tun daga waje Ma'azu ya ji sautin da ya sani fiye da muryar 'ya'yansa: ƙas, injin ya yunƙura, ya yi shiru. Ƙas, ya sake yunƙurawa, ya yi shiru. Man shanun ya narke ya cika faranti. Usta ya ɗora hannu a saman kabad ya janye da sauri.

"Allahu Akbar! Ya Khalil, firiji na ce ka sa ko tanda? Madam za ta gasa burodi a nan?" Ya durƙusa ya leƙa, ya shafa sama, ya shafa ƙasa. Dariyar ta bar fuskarsa. "Ina mafitar? Ka ba shi hanci ka toshe masa baki. Da nama da maganin mutane a ciki, kwana biyu daga gari, me za ka ce musu? Ma'alish, ku yi haƙuri?"

Khalilu ya tsaya da farantin man a hannu.

"Khalas, shi ke nan. Abokin aikinka Hatim zai bi motar. Kai ka zauna nan ka ƙara shekara kana kallo." Usta ya sauko yana goge hannu, sai ya tsaya a gaban Ma'azu. Ba da faɗa ya yi maganar ba, da mamaki ya yi ta. "Amma ya Hajj, kai fa jiya ka sa hannu a wurin nan. Na gan ka ta ƙofa. Shekara talatin, wannan ya wuce ka?"

"Idon ne," in ji wani ma'aikaci, don ya rufa wa baƙo asiri. "Bai gama warkewa ba."

"Da hannu ya duba," Khalilu ya ce a hankali. Ya ajiye farantin. "Baba, ka sani?"

Ma'azu ya ga hanyar tsira a buɗe, ma'aikacin nan ya riga ya share masa ita. Bai bi ta ba.

"Na sani."

A motar haya da suka hau zuwa gida ya yi ta magana, abin da bai saba ba. Ya kawo zancen Umma, ya kawo zancen bayansa da ke ciwo, da idonsa, da yadda mai gyara yake tsufa babu wanda ya san sunansa. Ya ce don kai na yi. Khalilu yana kallon titi ta taga. Da suka isa gida ya zuba wa mahaifinsa abinci, ya ɗiga masa maganin ido a kan lokaci, ya ce sannu Baba, kamar ma'aikacin asibiti.

Da safiyar Alhamis Ma'azu ya farka ya tarar Khalilu ya sa farar jallabiya da hula, yana riƙe da katin makaranta.

"Darrasa za ni, unguwar makarantarmu. Ka zo mu je."

Ma'azu ya miƙe zumbur. Ya yi alwala yana hamdala. A Darrasa Khalilu ya ajiye shi a kujerar wani mai sayar da littattafai daura da ƙofar makaranta, ya shiga. Ma'azu ya zauna yana kallon ɗalibai suna wucewa da littattafai a ƙirji, har ya ji wasu biyu suna gardamar nahawu da Hausar Zinder. Ya zaɓi wani littafi mai koren bango da rubutun zinare, bai san na mene ne ba, ya ce a naɗe masa, kyauta ce ga ɗansa.

Kusan awa biyu Khalilu ya fito da wata jakar takarda mai kauri. Ya miƙa wa mahaifinsa da hannu biyu, cikin ladabi.

"Mene ne wannan? An sabunta?"

"Takarduna ne. Na janye su." Muryarsa a kwance take. "Ka kai wa Umma, ta ajiye. Da shekaranjiya ka ce min kada in tafi, Baba, wallahi da wataƙila na zauna, ko ina kuka. Amma na tambaye ka sau biyu."

Ma'azu ya tsaya yana kallonsa. Jakar tana hannu ɗaya, koren littafin yana ɗaya.

"Ga tasi nan, na gaya masa inda zai sauke ka, makulli yana wurin mai gadi. Ni warsha za ni. Motar ba ta tashi sai azahar, kuma ni na toshe, ni zan buɗe."

Ya juya ya nufi bakin titi, yana naɗe hannun jallabiya. Ma'azu ya bi shi taku uku cikin jama'a, ya ɗaga murya kamar yadda bai taɓa yi wa ɗan nan ba.

"Khalilu! Tagar sama ta fi ta ƙasa faɗi! Ka ja firijin gaba yatsa huɗu, fankar kuma sama za ta tura, kada ka juya ta!"

Khalilu ya tsaya. Bai waiwayo gaba ɗaya ba, rabin fuska kawai ya ba shi.

"Usta ya gaya min," ya ce, ya tsallaka titi.

Mai tasin ya danna oda, ya leƙo. "Yalla ya Hajj!"

Ma'azu ya shiga ya zauna, ya ɗora jakar a cinya, ya ɗora littafin a kanta.