Ranar da Aka Same Ni Ina Rarrafe

Ni dai ranar nan ban faɗi ba, kuma zan ta faɗa har bakina ya gaji.

Shekara da shekaru ina ɗinki, ƙafa kan feda, baya a tanƙware, har ƙuguna ya ƙage. Da safe sai na dafa bango nake miƙewa. Ƙwayoyi kuwa na sha har suka sa min ƙwannafi. Daga ƙarshe wata likitar gashin ƙashi ta ce yawan kwanciyar da nake yi don in samu sauƙi ita ke ƙara min ciwon. Ta koya min motsa jiki irin na yoga: in durƙusa kan hannu da gwiwa, in gantsare, in ƙudundune kamar kyanwa, ina jan numfashi a hankali. Na ce da girmana? Amma na yi, kuma wallahi ya yi min aiki. Almakashi in ya faɗi, da kaina na koma ɗauka.

To, wata rana da rana, ba kowa a shago, na saki labule na shimfiɗa tabarma bayan teburin yanka. Ina tsakiyar gantsarewa sai ga babban ɗana, ko sallamar kirki babu.

"Jama'a! Mama ta faɗi!"

Kafin in buɗe baki maƙwabtana, mai cajin waya da mai wanki da guga, sun shigo, an ciccibe ni kamar buhun shinkafa. Ina cewa motsa jiki nake, suna cewa sannu. Ina zagi, suna cewa sannu. Kai, ban taɓa tsanar kalma kamar wannan ba!

Da suka kai ni gida na ce wa ɗan nawa ya tsaya ya gani da idonsa. Ina durƙusawa ya kau da kai, ido ya kawo ruwa.

"Mama, ki daina ɓoye mana. Ba zan iya kallon uwata tana rarrafe ba."

Ji min ɗan banza mai tausayi! Da keken ɗinkin nan nawa na yi masa kayan makaranta, da shi na aurar da shi. Shi ne ya haɗa kai da ƙannensa a waya suka yanke min hukunci: a sayar da keken, a mayar wa mai gida shagonsa, Mama ta huta. Ba wanda ya tambayi Maman.

Da safe na iske motar kaya a ƙofar shago. Sun riga sun kwance kan keken, yana ajiye a ƙasa.

"Duk wanda ya ƙara taɓa ni ko kekena, ban yafe ba!"

Likita ta sha gaya min in lanƙwasa gwiwa kafin in ɗauki nauyi. Fushi ya sa na manta. Na sunkuya kawai na fizgo ƙarfen nan, sai na ji wani abu ya tsarga min daga ƙugu har diddige. Na zube kan hannu da gwiwa, numfashi ya ƙi fita.

Ba wanda ya motsa, tunda ni na hana. Ɗana ya matso a tsorace, ya tsuguna gabana, kuma na rantse ba ba'a yake min ba.

"Mama, wannan ma motsa jikin ne?"

Na ce, "A'a. Ɗaga ni."

Ya ɗaga ni. Ina rataye a kafaɗarsa direba ya saka keken a mota.