Mai Riƙe Labule

Ƙusa ce ta kai Baba Mai Hoto ɗakin Auta. Tsohon labulen shagonsa, mai zanen teku da jirgin ruwa, yanzu a falo yake rataye, kuma ƙusar kusurwar dama ta faɗi tun shekaranjiya. Guduma na hannunsa, ƙusa yake nema.

Auta na gaban kwamfuta, shayinta ya huce. Sana'arta ke nan, rubuta manhaja. Wannan karon ta ubanta take yi. Ta kwashe hotunan da ya ɗauka tun yana saurayi ta zuba a kwamfuta, don jikoki su riƙa shiga suna neman kakanninsu. Fuskar kwamfutar a rabe take. Hagu rubutu ne mai launi-launi da bai taɓa tambayar ma'anarsa ba. Dama kuwa hotuna ne jere-jere, kowanne bai fi farcen babban yatsa ba.

"Kin mayar min da mutane ƙudaje," ya ce.

"Na leƙe ne, Baba. Wanda ka taɓa, sai babbansa ya buɗe. Manhajar ce ke nemo fuskar mutum ta yanko."

"Ita ma hoton take koyo?"

"Koyon shirme. Dubi nan." Ta buɗe wani. "Ɗan sanda ne zaune a tsakiya, har da sandarsa, amma ta tsallake shi ta yanko min kusurwar labule. Irinsu sun fi a ƙirga. Na gyara rubutun, ba za ta ƙara ba. Saura in goge waɗannan."

Ta tara su wuri guda. Ya sunkuya don ya yi mata dariya, sai dariyar ta maƙale.

Kowane ɗan hoto shuɗin yadi ne kawai, sararin saman da aka zana bisa teku. Amma yadin ya turo. Ga goshi, ga karan hanci, ga haɓa, kai ya ɗan karkata hagu, kamar mutum ya jingina fuska da labule ta baya.

A shagonsa na farko ƙofa ce a gefen dama, babu bangon da za a kafa ƙusa. Matarsa ce ke hawa kujera a bayan labulen ta riƙe kusurwar, shi kuma ya ɗauka. Ango da amarya, soja mai tafiya, jariri a cinyar kaka, duk tana bayansu ba su sani ba. In ya ce ta zo ta zauna ya ɗauke ta, sai ta ce, "Wa zai riƙe labulen?" Haka har ta rasu, Auta na rarrafe. Bai mallaki hotonta ko ɗaya ba. Muryarta na kunnensa har gobe, har da tarinta na asuba, amma fuskar ta daɗe da zame masa. Wannan bai taɓa faɗa wa kowa ba. Mutumin da ya ajiye fuskokin rabin gari ba ya buɗe baki ya ce ya manta ta matarsa.

"Buɗe wannan."

Ta buɗe. Hoton ya cika allon. Yadi ne, da ninki, da inuwa. Babu kowa.

"Mayar da shi ƙarami."

Fuskar ta dawo.

"Ninkin yadi ne," in ji Auta. "Ido ne ke haɗa abin da yake so."

"Kwamfutar taki ma ido gare ta? Jera su bisa shekaru."

Ta jera, ta fara gangarawa a hankali. Baƙi da fari suka wuce, layi bayan layi. Sai masu launi suka shigo. Baba ya dafa tebur. Ya san lokacin da ya fara hoto mai launi. Bayan rasuwar ne, a sabon shago mai bango lafiyayye, inda ya kafa ƙusoshi da hannunsa. Babu wanda ya sake tsayawa bayan labulen. Amma ga ta nan, kai a karkace, layi bayan layi.

Auta ta karanta shekarar da ke ƙarƙashin wani. "Lokacin nan ai na riga na shiga makaranta," ta ce, muryarta ta yi ƙasa.

"Gangara."

Na ƙarshe na yau ne. Da safe ta zaunar da shi a falo gaban labulen, ta ɗauke shi da waya don shafin farko. Shi ma manhajar ta tsallake shi. A wannan, fuskar ta fi fitowa, kuma ta sunkuyo, kamar mai duban wanda ke kan kujera.

Ba a ce mata ta buɗe ba, ta buɗe. Ga Baba zaune ya ɗaure fuska yadda ya saba. Bayansa teku a shimfiɗe, jirgi a tsaye, labulen a miƙe tsaf har kusurwar dama.

"Ke kika ɗaga shi da safe?"

"Da wane hannun? Waya na riƙe."

Ƙofar ɗakin a buɗe take. Dukansu suka kalli falo. Rana ta shigo ta taga har tsakar ɗaki. Kusurwar labulen na reto kamar kunnen akuya, ramin ƙusar na nan fayau a bango.

A allon wani ɗan akwati ya daɗe yana jiran amsa: a goge, ko a fasa. Yatsan Auta na kusa da maɓallin. Ta janye shi ta sa a cinya.

"Baba. Ita ce?"

Ya kalli ɗan hoton, ya kalli 'yarsa.

"Goshinki ne," ya ce.

Ta rufe baki da tafin hannu. Bai rarrashe ta ba, bai iya ba.

"In na goge sun tafi ke nan," ta ce. "Gyararriyar manhajar ba za ta sake ganinta ba."

"To wa ya ce ki goge? Shekara nawa tana tsaye, ke kuma ki kore ta da yatsa?"

Ta danna fasa. Ta buɗe sabuwar folda ta kwashe su ciki, ɗaya bayan ɗaya, ba ta yarda ta ja su a dunƙule ba. Kwamfutar ta nemi suna.

"Me zan rubuta?"

"Mai riƙe labule."

Ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara.

"Ƙusar na cikin gwangwani a kan taga," in ji Auta.

"Bar ta a can."

Ya ajiye gudumar a kan teburinta ya fita falo. Ya jawo kujerar gaban labulen ya zauna, ya ba teku baya. Ya gyara wuyan riga, ya ɗora hannuwa a gwiwa.

Can sai ya ji yadi na motsi a hankali, sama da kafaɗarsa ta baya. Bai juya ba. Shi ne ya ƙare rayuwa yana gaya wa mutane cewa wanda ya zauna kan kujerar nan ba ya waiwaye.