Ranar da 'Yar Taga Ta Yi Kore

Tun da aka kawo kwamfutocin hannu ajin Malama, kowane yaro ya samu mai gadi. A saman kowace kwamfuta akwai wani ɗan ido baƙi wuluk, ba shi da aiki sai kallon idon yaro. In yaro na kallon darasi, sunansa ya yi kore a allon kwamfutar Malama. In ya kau da kai, ya koma ja. Ƙarshen mako kuma sakamakon ya tafi wayar iyaye.

Yarinya ɗaya ce sunanta ba ya rabuwa da ja, wadda 'yan aji ke kira 'Yar Taga. Kujerarta na jikin taga, tagar kuwa tana kallon rufin wani mai wanki da guga. Da hantsi yakan hau ya yi shanya, iska ta shiga riguna ta cika su, su yi ta ɗaga hannu kamar masu gaisuwa daga nesa. Can hankalin yarinyar yake tafiya, amma ba ya dawowa hannu rabbana. Ana tsakiyar lissafi sai ta ɗaga yatsa.

"Malama, ruwan da ke jikin rigar can, in ta bushe ina yake zuwa?"

Aji ya kwashe da dariya, Malama ta yi kamar ta ɓata rai, daga nan kuma a lula cikin zancen rana da tururi da gajimare. A ranta, Malama ta fi son tambayar nan da duk koren da ke allonta.

Hedimasta kuwa mutum ne da in na'ura ta ce dare ya yi da tsakar rana, fitila zai kunna. Ya kira Malama ofis.

"Uban yarinyar nan ya ce in ja bai daina zuwa wayarsa ba, cire ta zai yi daga makaranta. Na'ura ba ta ƙarya, Malama."

"Ba ta ƙarya, ranka ya daɗe, amma ido kawai take gani."

"To, idon muke so. A rufe tagar."

Da hannunta Malama ta liƙa takarda mai kauri a jikin gilashin. Ajin ya yi duhu-duhu kamar hadari ya haɗo.

Kafin mako ya zagayo, 'Yar Taga ta yi kore shar. Ubanta ya aiko da godiya. Yarinyar tana zaune shiru, idonta ƙur a kan kwamfuta, tambaya kuwa ta ɗauke ɗif.

Wata rana Malama ta tsaya a kanta ta kira ta a hankali. Ba ta amsa ba, sai da aka dafa kafaɗarta ta yi firgigit.

"Ina kika tafi, 'yata?"

"Ban je ko'ina ba, Malama. Dabarar na gano. In na kafe idona a tsakiyar kwamfuta, sunana ba ya yin ja."

"Me kike gani a tsakiyar?"

"Ba komai."

Maganar ta soki Malama har cikin zuciya. Da aka tashi, ta sa farce ta ɓare kusurwar takardar, daidai tsayin kan yarinyar. Haske ya kwararo kan kujerar. Rigunan suna can inda aka bar su, suna ta ɗaga hannu.

Washegari bakin Malama ne kawai ke koyarwa. Idonta na kan allonta, tana roƙon Allah sunan nan ya yi ja ko da sau ɗaya ne. Har aka kaɗa ƙararrawar tashi, kore ne.