Jan Biro a Aljihu

Aikina gwada jin ɓeraye. Ku yi dariyarku, Umma ma har gobe ce wa ƙawayenta take yi a asibiti nake aiki.

Can cikin kunne akwai wasu 'yan ƙwayoyi masu gashi-gashi, su ke kama sauti. Ƙwayoyin gado ne ke ba su umarnin tsirowa tun ɗa yana ciki, in umarnin ya zo da tangarɗa kuwa shi ke nan, ba sa fitowa daga baya. Abin da muke bincike ke nan a ɗakin gwaje-gwajenmu. Ni nawa shi ne in ɗora ɗan ɓera a tafin hannu, in kai wata 'yar na'ura bayan kansa in danna, ta ce ƙas. Mai ji zai kaɗa kunne. Wanda bai kaɗa ba, in zaro jan biro in yi masa alama a wutsiya.

Yayana tela ne, kurma tun haihuwa, don haka na san abin yana jininmu. Da na haihu ban yi wa kowa zancen ba. Maigidan yana aiki nesa, gida daga ni sai jaririn, wanda nake kira Babana. Wuni nake ina yi masa waƙa da hira, har tsegumin ofis ba na ɓoye masa.

"Kin dace da yaro mai haƙuri," in ji Umma a waya. "Ranar nan ƙofa ta bugu, ko motsi bai yi ba."

"Haka ne, Umma."

Na kashe wayar raina a ɓace. Wa ya tambaye ta?

Na'urar da na ɗauko daga wurin aiki ta daɗe a jakata kafin in iya taɓa ta. Wata safiya yana kwance yana kallon labule, na lallaɓa ta bayansa na danna. Ko gezau bai yi ba. Na matso dab da kunnensa na sake. Yana ta kallon labulensa.

Sai kawai na ga jan biro a hannuna. Ban san sanda na zaro shi daga aljihu ba. Na yi jifa da shi, na zauna a ƙasa na yi kuka mai isata. Ashe duk waƙoƙin nan ni kaɗai nake jin kayana.

Na goya shi muka tafi shagon Yaya. Na nuna yaron, na taɓa kunnena, na girgiza kai. Yaya ya daɗe yana kallona. Ya karɓe shi ya ɗora a cinya, ya manna ɗan tafin hannun yaron a jikin keken ɗinki, ya taka, keken ya hau girgiza. Babana ya zaro ido, ya ƙyalƙyale da wata dariya da ban taɓa samu daga gare shi ba. Yaya ma ya kama dariya.

Ina tsaye a bakin ƙofa da zanen goyo a hannu. Babu wanda ya waiwayo ni.