Yasin a Kan Sajan Gwadabe

Ranar da kotun majistare ta sallami Suhaibu, kowa a gidan Malam Kailani ya ci tuwo da daɗi, in ban da shi Suhaibun.

Wata Asabar ce da la'asar yana dawowa daga Sabon Gari, motarsa na layi a titi, wani Sajan Gwadabe ya tare shi a Kwangila. Sajan ya ce ya ji warin giya a bakinsa, ya ce kuma an ciro kwalba a ƙarƙashin kujera. Da aka zo kotu, Lauya Naja'atu mai kare Suhaibu ba ta ɗaga murya ba, tambaya kawai ta dinga jero wa Sajan. An gwada numfashinsa? A'a. An kai shi asibiti an ɗebi jini? A'a. Lokacin da aka bincike motar, ina mai motar yake? Yana tsare a bayan kanta. Wa ya shaida binciken? Sajan ya kalli silin. Alƙali ya ce kotu ba ta yanke hukunci da hancin ɗan sanda, kuma kwalbar da aka ciro a bayan idon mai mota, ba shaida, ba za a rataya masa ita ba.

A bakin kotu lauyar ta ce masa, "Haƙƙinka na kare. Su doka ta ɗora wa kawo hujja, ba su kawo ba. Abin da ya rage tsakaninka da Ubangijinka ne."

To, ya sha ɗin. Kwalbar ma tasa ce, da kuɗinsa ya saya.

Malam Kailani, limamin masallacin layinsu a Tudun Wada, bai taka kotu ba, kuma bai san wata magana ta hujja da bincike ba. Abin da ya fahimta ɗaya ne: alƙali ya duba ya ga sharri aka yi wa ɗansa. Mutumin da aka taɓa cinye masa gona sukutum bai ce wa kowa uffan ba, sai ga shi bayan sallar Juma'a yana kiran sunan Sajan a gaban jama'a, yana cewa wanda ya jefa wa gidan ilimi kwalbar giya zai gani. Ya aika wa abokan karatunsa na Gyallesu da Tudun Jukun cewa su hallara a zaurensa, za a ja Yasin a bar azzalumi da Allah.

Suhaibu ya so ya yi magana tun a ranar da aka sallame shi. Ya je ƙofar ɗakin mahaifinsa ya tsaya, ya ji tsohon yana ce wa Inna, "Ni na san abin da na haifa." Sai ya juya. Kunya ta hana shi, kuma in za a faɗi gaskiya, daɗin maganar ma ya hana shi.

Dattawa suka cika zaure bayan la'asar, kowa da carbinsa. Suhaibu ya raɓe a bakin ƙofa kusa da takalma, yana fatan a yi a gama ba a tuna da shi ba. Ina! Malam ya yafito shi.

"Zo nan kusa da ni. Kai aka zalunta, addu'ar wanda aka zalunta kuwa ba ta da shamaki. Kai za ka fara cewa Allah ya isa, ka kama sunansa, mu kuma mu ɗora."

Ya miƙa masa Alƙur'ani. Suhaibu ya kalli littafin, ya kalli hannunsa. Ya tuna Sajan, baƙin mutum mai furfura a gemu, wanda ya karɓe makullin ya ce, "Yaro, gara ka kwana a wurinmu da ka kashe 'ya'yan mutane." Bai mare shi ba, bai nemi ko sisi ba. Laifinsa dai bai iya aikin takarda ba.

"Karɓi mana," in ji Malam.

"Baba, ba zan iya ba."

"Tausayinsa kake ji? Shi ya ji naka?"

"Bai yi min ƙarya ba, Baba." Sannan ya ƙara da cewa, "Na sha. Kwalbar tawa ce."

Wani dattijo ya yi salati a hankali. Sauran suka sunkuyar da kai, kowa ya sami abin kallo a jikin tabarma. Suhaibu ya so a ce marinsa aka yi, ko a zage shi, ko ƙasa ta tsage. Malam bai ko dube shi ba. Ya mayar da Alƙur'anin cikin gafaka, ya ɗaure.

"Ku gafarce ni," ya ce wa baƙinsa. "Na taso ku a kan ƙarya. Na kuma ci naman bawan Allah a ƙofar masallaci. Bari in je in same shi tun rana ba ta faɗi ba."

Ya miƙe da ƙyar, ya laluba takalmansa. Suhaibu ya bi shi har waje, inda motar take a fake gindin dalbejiya.

"Baba, bari in kai ka."

Malam ya tsaya, ya dubi motar, sannan ya dubi ɗansa, karo na farko tun da ya yi maganar.

"A'a," ya ce. "Zan hau a-daidaita."